Masoro da kurkum da zuma: wa zai sha, wa zai bari?

Hadiza: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema. Akwai wata murya da ke yawo a WhatsApp tun shigowar sanyin nan, wani mutum yana cewa a samu garin masoro cokalin shayi guda, garin kurkum cokali guda, a kwaɓa da zuma, a sha safe da yamma har kwana arba'in. Wai yana maganin tansiyo da ciwon sukari da ciwon gwiwa, har da buɗe ƙwaƙwalwa. Innarmu ta ji, ranar Lahadi ta aika kasuwa aka sayo kayan. Ita tana shan ƙwayar tansiyo, gwiwa kuma ta hana ta sallah a tsaye. Abin da ya fi damuna, ta ce za ta riƙa ba ƙanena ma, shi kuwa farfaɗiya gare shi, ya daɗe bisa magani. Na roƙe ta ta dakata in tambaya tukuna.

Bashir: Wa alaikumus salam. Hadiza ki bar Inna ta sha, babu komai a ciki sai alheri. Ni ganau ne ba jiyau ba. Bara sukarina ya hau har ina tashi fitsari dare duka, na fara wannan haɗin, yanzu alhamdu lillahi in na je awo sai majo ya ce in ci gaba da abin da nake yi. Masoro abinci ne, kullum a tukunya yake. Wa ya taɓa mutuwa don ya ci masoro?

Dakta Ramatu: Hadiza, kafin a yi nisa, wace ƙwaya ƙanen naki yake sha? Ki duba kwalin ki rubuto mini sunan yadda yake. Ta Inna ma haka.

Hadiza: Nasa Tegretol ne, Dakta. Na Inna kuma amlodipine aka rubuta.

Dakta Ramatu: To shi kam kada a ba shi, ko sau ɗaya. Yanzu ina farmasi da mutane a gabana, in na sarara zan yi bayani. Amma ki gaya wa Inna yau ɗin nan.

Alhaji Sule mai kayan yaji: Salamu alaikum. Tunda Dakta ta tahi aiki bari in sa baki a inda na sani. Ɗiyata, wane masoro anka sawo muku? Don iri biyu ne a kasuwa, mutane ba su kula. Akwai namu na gargajiya, wanda ke zuwa daga kurmi, Nijeriya ta kudu da Kamaru da Kwadibuwa. In kin zuba shi a tafin hannu za ki ga kowane ƙwaro da ɗan wutsiya a gindinsa, ƙanana ne, sun ɗan yi ja-ja, da ɗaci-ɗaci a bayan harshe. Shi iyayenmu sunka sani, shi ake sa ma fura da yajin jego. Sannan akwai baƙin, wanda ya yi tamoji kamar an murza shi, babu wutsiya, ya fi kaifi a hanci. Wanga cikin buhu yake zuwa daga ƙetaren teku. Tun da anka rufe iyakar Benin a 2023 hanyar Kwatano ta tsaya, kuɗinsa ya tashi, shi ya sa algus ya yi yawa.

Hadiza: Na duba, Baba Alhaji. Gari ne aka sawo a leda, ba ƙwaro ba.

Alhaji Sule mai kayan yaji: To nan ne matsala ta farko. Ni ban sayar ma kowa da gari sai in ya tsaya an daka a gabansa. Ƴaƴan gwanda in sun bushe, wanda bai san kaya ba ba ya raba su da baƙin masoro, in an niƙa kuwa shi ke nan. Ga yadda za ki gane in ƙwaro ne: ki zuba kaɗan cikin kofin ruwa, masoro mai kyau nutsewa yake, ƴaƴan gwanda da holoƙo su taso sama. Ki fasa guda da haƙori, cikinsa fari ne mai gari, zafin ya kama miki harshe nan take. In kin ji warin ruma ko kin ga hunhuna, ki zubar, kada ki ce za ki shanya.

Nasiru: Baba Alhaji ya yi daidai, dangi ɗaya ne amma itace biyu ne. Baƙin asalinsa gaɓar Malabar ne, jihar Kerala a kudancin Indiya. Yaɗo yake yi yana hawa bishiya. Ana tsinke ƴaƴan tun suna kore, a shanya su a rana har su yi baƙi su tamure. Farin masoro ma daga itacen nan ɗaya yake, sai dai shi ana bari ya nuna, a jiƙa, a cire ɓawon. Yau Biyetnam ce ta fi kowa nomansa, sai irin su Burazil da Indunusiya da Indiya. A nan kusa da mu akwai na Penja a Kamaru, wanda aka ba shaidar da ke kare sunan wurin nomansa a 2013. Kuma tun da daɗewa mutane ke ganin darajarsa: an samu ƙwayoyinsa a cikin hancin gawar Fir'auna Ramses na biyu, kuma a shekara ta 408 da Alarik, sarkin ƙabilar Goth, ya yi wa birnin Rum ƙawanya, cikin fansar da ya nema har da laba 3,000 ta masoro. Neman hanyarsa ne ya kai Vasco da Gama, matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal, Kalikut ta Indiya a 1498.

Bashir: Ka gani ko. Abin da sarakuna suka yi yaƙi a kansa, a ce ba magani ba ne?

Nasiru: Yaya Bashir, tsadarsa suka yi wa yaƙi. Ni tarihi kawai na kawo, maganar magani ta su Dakta ce.

Hajiya Kuluwa: Ƴaƴana, ɗiyata ce ke rubuta mini. Mu dai da masoro munka tashi. In mura ta kama ka lokacin hunturu, a daka masoro da citta da kanumfari da kimba, a yi maka kunu mai zafi ko romon kai, ka sha ka lulluɓa, zufa ta keto, hanci ya buɗe. Mai jego ba ta rabuwa da yaji har ta yi arba'in. Wanda ciwo ya ɗauke ma sha'awar abinci, ɗan yaji a fura shi ke buɗe mashi baki. Ba a takarda munka gani ba. Amma gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin uwata ta ɗebi cokali cike ta ba mutum ya haɗiye ba. Da yatsa uku ake ɗiba, a barbaɗa. Wanga na cokali safe da marece, sabon abu ne.

Malam Yahaya: Allah ya saka wa Hajiya da alheri. Ni ma an turo mini muryar nan, kuma akwai abin da ya wajaba in gyara. Mai maganar ya kawo hadisin da ke cewa a cikin baƙar ƙwaya akwai waraka daga kowace cuta ban da mutuwa, ya ɗora shi a kan masoro. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, amma a kan habbatus sauda yake, ita kuwa wata tsiro ce daban. Likitocin Musulmi na da, irin su Ibn Sina, sun yi maganar masoro a littattafansu a matsayin abu mai zafi da ke taimakon narkar da abinci da fitar da majina, wannan ilimin likitanci ne na zamaninsu, ana ɗauka ana bari. Amma jingina wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, abin da bai faɗa ba don a sayar da haɗi, wannan babban al'amari ne. Duk wanda ya tura muryar gaba ya sani yana da kaso a ciki.

Bashir: Allah gafarta Malam, na karɓi wannan. Amma batun sukarina fa? Awo ba ya ƙarya.

Majo Ibro: Bashir, awo ba ya ƙarya, amma bari in tambaye ka tsakani da Allah. Lokacin da ka fara haɗin, ka bar ƙwayar da aka rubuta maka?

Bashir: A'a, ina shan metformine ɗina.

Majo Ibro: Shayin fada fa, mai zagaye uku da sukari?

Bashir: Na bari tun ranar da aka ce mini ina da ciwon. Lemon kwalba ma haka. Kuma da asuba ina taka ƙasa har bakin tabki in dawo.

Majo Ibro: To ka ga abu huɗu ka yi tare, uku daga ciki an tabbatar suna saukar da sukari. Me ya sa na huɗun zai kwashe ladan? Abin da aka gani na masoro da sukari, yawancinsa a jikin ɓeraye ne da cikin kwalaben ɗakin bincike. Ga zumar ma, sukari ce, cokali biyu kullum ga mai ciwon ba ƙaramin abu ba ne. Ni abin da ke tsorata ni shi ne wanda zai ji labarinka, ya ɗauki haɗin, ya ajiye ƙwaya. Irinsu muna karɓarsu a likita, wani da ƙafa ta riga ta ruɓe, wani an ɗauko shi ba ya gane kowa. Kuma kusan duka sai ka ji an ce ai yana shan na gargajiya ne ya ji sauƙi.

Dakta Ramatu: Na dawo. Ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita, don abin yana da muhimmanci.

Abin da ke ba masoro zafinsa wani sinadari ne da ake kira piperin. Wani masani ɗan Danmak, Hans Christian Ørsted, shi ya fara ware shi a 1819. Shi ke sa atishawa, shi ke sa yawu ya tsinke, ruwan ciki ya ƙaru, abinci ya shiga. Don haka abin da Hajiya ta faɗa na buɗe baki da buɗe hanci gaskiya ne, ba na ja da shi ko kaɗan.

Amma piperin yana da wani aiki da ba a ji a harshe. Duk abin da muka haɗiye, magani ko abinci, kafin ya bazu a jini sai ya bi ta bangon hanji da hanta. Ku ɗauke su kamar duwan na Ƙwanni, masu binciken kaya a kan iyaka: mota ba ta wucewa da kayanta duka, wani a sauke, wani a mayar baya. Likitan da ya rubuta maka ƙwaya ya riga ya lissafa abin da za a sauke a hanya, shi ya sa ya ce guda ɗaya ko rabi. Piperin rage wannan tsaron yake yi, sai abin da ya fi lissafi ya wuce.

Daga nan maganar kurkum ta samo asali. Sinadarin kurkum, kurkumin, da ƙyar yake shiga jini, hanta na kawar da shi da sauri. A 1998 wasu masu bincike a Bangalore ta Indiya suka ba mutane kaɗan giram 2 na kurkumin tare da miligiram 20 na piperin, suka ga abin da ya shiga jini ya ninka kamar sau ashirin. Wannan adadin shi ne ake ta yawo da shi a intanet. Abin da binciken ya nuna shi ne ya shiga jini. Bai nuna ya warkar da tansiyo ko sukari ba, ba ma shi aka auna ba.

To ƙofar da ta buɗe wa kurkum, ba kurkum kaɗai ke bi ta cikinta ba. An gwada a jikin mutane, an ga piperin yana ɗaga yawan carbamazépine a jini, wato Tegretol ɗin ƙanen Hadiza. Haka phénytoïne, shi ma na farfaɗiya ne. Haka propranolol na zuciya, da théophylline na asma, da rifampicine na tarin fuka, da névirapine na ƙanjamau. Magungunan farfaɗiya kuwa tazarar da ke tsakanin abin da ke aiki da abin da ke cutarwa ƴar kaɗan ce. In ya haura, yaro ya fara jiri, yana gani biyu-biyu, yana tangaɗi, barci ba ƙaƙƙautawa, amai. A gida kuma sai a ce ciwon ne ya motsa, ko iska ce, a ƙara masa haɗin.

Yanzu ku yi lissafi da ni. Cokalin shayi na garin masoro ya kai wajen giram 2. Piperin ɗin da ke cikin masoro yana kamawa daga kashi 2 zuwa 7 cikin ɗari, gwargwadon irinsa. Ke nan cokali guda yana ɗauke da aƙalla ninki biyu na abin da aka bayar a wancan binciken, yana iya kai ninki bakwai. Mai muryar kuma cewa ya yi sau biyu a yini, kwana arba'in.

Hadiza: Innalillahi. To Dakta, miyar gidan fa? Kullum da masoro muke girki, shi ma yana ci.

Dakta Ramatu: Ku ci gaba da girkinku yadda kuka saba. Ɗan abin da aka barbaɗa a tukunyar da mutum goma za su ci, rabon kowa kaɗan ne, kuma da wannan cimar aka daidaita masa maganin tun farko. Abin da nake hanawa shi ne a tashi rana ɗaya a mayar da shi na cokali. Ita ma Inna, amlodipine ta hanyar hantar nan yake bi. Ina jin tsoron ya taru ya saukar mata da jini fiye da kima, ta miƙe daga tabarma jiri ya kwashe ta. Tsohuwa mai ciwon gwiwa in ta faɗi, karayar ƙugu ake magana.

Bashir: Dakta, da girmamawa, ku masu farmasi duk abin da ba a kantinku yake ba sai ku ce haɗari ne. A Turai ma ai ana sayar da kurkum da masoro cikin ƙwayoyi, na gani da idona wajen wani da ya dawo daga Faransa.

Dakta Ramatu: Ana sayarwa, har a Yamai akwai su, kuma da riba nake so da na ce kowa ya saya. Amma a 2019 a Italiya an samu mutane da dama da hantarsu ta kumbura, idanu suka yi ɗorawa, aka bi sawu aka tarar ƙwayoyin kurkum suke sha, da yawansu waɗanda aka haɗa da piperin. A 2022 hukumar kula da lafiyar abinci ta Faransa ta yi gargaɗi a kan irin waɗannan ƙwayoyi da aka ƙara wa ƙarfin shiga jini. Mu kuma a nan ka san yawan masu ɗauke da ciwon hanta na B ba tare da sun sani ba. Mutum hantarsa na fama a ɓoye, ka ƙara mata wannan.

Aisha: Ni tambayata a kan olsa ce. An ce mini masoro ne ya jawo mini, wata kuma ta ce shi ne maganinta.

Majo Ibro: Duka biyun ba haka ba ne, ƙanwata. Yawancin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, Helicobacter pylori, wadda likitoci biyu ƴan Ostireliya, Marshall da Warren, suka gano, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Sai kuma magungunan ciwon jiki irin diclofénac da ibuprofène da ake saye a tebur ana sha ciki wayam. Yaji ba ya haddasa shi, amma yana ƙara ruwan tsamin ciki, in akwai gyambo zai yi zugi, mai ƙwannafi ma haka. Ki rage shi, ki je a auna ki. In ƙwayar ce, maganinta na kwana goma zuwa sati biyu ne, a rabu da ita.

Madam Zeinabu sajfam: Ina biye da ku tun ɗazu. Inna Kuluwa, ranki ya daɗe, ina son mu koma kan mai jego, don nan ne aikina. Yaji a romo da kunu ba ni da matsala da shi, mace ta samu ta ci abinci, nono ya zo. Inda muke rabuwa shi ne kanwa. Kunun kanwa kofi-kofi safe da rana da dare, ga dunƙule a miya, ga gishiri a yajin. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga matan Hausawa bayan haihuwa, suka danganta shi da kanwa da zafin wankan jego, a Yamai ma an yi bincike a kan ciwon. Matar da ta haihu da tansiyo, ko ƙafafunta suka kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai don numfashi, ba yaji take bukata ba, a kawo ta.

Hajiya Kuluwa: Madam, mu da kanwar munka yi jego, goma na haifa, ga ni zaune. Ba na cewa ƙarya kike, amma ku ma ku riƙa sassautawa. In kun ce ma tsohuwa ta bar komai, ba za ta bar ko ɗaya ba, kuma ba za ta sake gaya muku abin da take ba ɗiyarta ba.

Madam Zeinabu sajfam: Wannan gaskiya ne Inna, shi ya sa ban ce a bar yaji ba. Allah ya ba ki zuciya mai ƙarfi, amma akwai waɗanda kuka yi jego tare da ba su kai arba'in ba, aka ce kwana ne ya ƙare. Roƙona biyu ne: a auna tansiyon mai jego cikin satin farko, in ya hau a ajiye kanwa. Sai mai ciki, ta ci a abinci, kada ta sha na cokali. Kuma don Allah matan da ke cusa haɗin yaji a gaba da sunan matsi ko maganin sanyi su bari, ƙuna muke gani.

Hajiya Kuluwa: Na awon tansiyo na yarda. Na kanwa sai mun zauna.

Alhaji Sule mai kayan yaji: To Dakta, kin hana cokali. Mu da ke sayarwa mi za mu ce ma mai tansiyo in ya zo? Don suna zuwa kullum da muryar nan a waya.

Dakta Ramatu: Baba Alhaji, akwai abin da za ka gaya masa wanda zai amfane shi da gaske, kuma cinikinka ba zai ragu ba. Babban abokin gabar mai tansiyo a tukunya gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika cokalin shayi ba, duk da wanda ke cikin dunƙule, shi kuwa dunƙule kusan rabinsa gishiri ne. Abin da ke hana mutane ragewa shi ne miya ta yi lami. To a nan masoro ke da aiki. A soya albasar Galmi sosai, a sa tafarnuwa da citta da daddawa, a rage dunƙule zuwa rabi, in an kusa saukewa a daka masoro sabo a barbaɗa. A hankali harshe zai saba. Wannan shi ne taimakon da masoro zai yi wa Innar Hadiza, tare da ƙwayarta. In tana son kurkum don gwiwa, ta sa kaɗan a miya ko shinkafa mai ɗan mai, amma gwiwar a kai ta a duba.

Alhaji Sule mai kayan yaji: Madalla. Kuma a riƙa sayen ƙwaro, na dala ashirin ma ya isa gida kwanaki. A sa a kwalba mai murfi, nesa da rana da tururin murhu. Gari in ya kwana biyu a leda ƙamshin ya tahi, sai zafi kawai. Masu kilishin Madawa da sunka san aikinsu ba su yarda da garin da ba su ga dakansa ba.

Nasiru: Dakta, na karanta cewa a Japan an gwada shaƙar man masoro ga tsofaffin da shanyewar jiki ta hana haɗiya, kuma ya taimaka. Gaskiya ne?

Dakta Ramatu: An yi, kuma an ga alamar taimako, amma ƙamshin mai ne aka shaƙa ƙarƙashin kulawar likita. Kada wani ya ji wannan ya kai gari hancin tsoho.

Mariyama: Salamu alaikum, yanzu na shigo ban karanta duka ba. Yarona wata takwas, kwana uku yana tari da zazzaɓi, ya rage kama nono. Kakarsa ta ce in lasa masa zuma da ɗan garin masoro. Nawa zan sa?

Majo Ibro: Mariyama kada ki sa ko ƙwaya. Garin masoro in ya sarƙe jariri ya faɗa hanyar iska yana iya toshe numfashi, an rubuta yaran da suka rasu ta haka. Zuma kuma ba a ba yaron da bai cika shekara ba, akwai ƙwayar cutar da ke iya kasancewa a ciki wadda hanjinsa bai iya kashewa tukuna, tana saki jikin yaro. Yanzu ki yi mini abu ɗaya. Ki bari ya natsu, ki ɗaga rigarsa, ki sa agogon waya, ki ƙirga sau nawa cikinsa ke ɗagawa a minti guda cif. A shekarunsa in ya kai 50 ya yi sauri. Ki duba kuma ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki in ya ja numfashi.

Hajiya Kuluwa: Ɗiyata ki ji maganar majo. Jinjiri ba a ba shi yaji, ko a da can ba mu yi.

Mariyama: Na ƙirga sau biyu, 56 da 58. Kuma wurin yana lotsawa.

Majo Ibro: To wannan alamar ciwon huhu ce, ba na jira zuwa safe ba ne. Ki goya shi yanzu ku tafi likita mafi kusa, akwai mai gadi da dare. Ki ci gaba da ba shi nono a hanya ko kaɗan-kaɗan ne, kada ki naɗe shi da bargo mai yawa. In kun isa ki faɗa musu adadin da kika ƙirga da lotsawar, za su gane da sauri.

Mariyama: Babansa ya tafi neman adaidaita.

Madam Zeinabu sajfam: Ki ɗauki karnen rigakafinsa, da duk wani magani da kuka riga kuka ba shi a gida, ko na tebur ne, su gani.